Akwatin da Ke Ƙarƙashin Motar Injiniya Hamidu Ba Tanki Ba Ne

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune gaban mai cika tukunyar gas a Sakkwato. Injiniya Hamidu ya rasu.

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Na faɗa na sake faɗa. Mai gas ɗin ne ya kama ni ya zaunar da ni a benci ya ba ni ruwa.

Yanzu haka a cikin mota nake wannan rubutu, a kujerar baya, mu huɗu a matse. In kun ga kuskure ku yi haƙuri. Amma don girman Allah ku karanta har ƙarshe, musamman mutanen Bagudo da Tsamiya da duk mai ɗan'uwa a Tungar Maikada. Ba ta'aziyya kaɗai na zo yi ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, kuma zan gaya muku dalili.

Wanda bai san ni ba, ni ne Manu mai walda. Injiniya kuwa shi ne mutumin nan mai gareji a bayan tasha a Bagudo, wanda yake karɓar tsofaffin motoci na zamanin iyayenmu ya cire musu inji da tankin mai da salansa, ya sa musu batir da injin lantarki. Mota za ta shigo mana kaji sun yi ƙwai a cikinta, ta fita tana sheƙi, kujeru na jan fata, katakon gabanta an goge shi har kana ganin fuskarka. In tana tafiya ba ka jin komai sai ƙarar taya. Masu hali daga Kwatano da Abuja suke kawo masa motocin da iyayensu suka bari. Ni nake yi masa waldar akwatin da batir yake zama a ciki.

Jiya ya ɗauki wata farar mota da muka gama, ta wata Hajiya ce a Kwatano, motar marigayi mahaifinta. Zai kai ta bakin iyaka, inda babbar mota za ta ɗauke ta. Kullum tare muke irin wannan tafiya. Wannan karon ya aike ni Sakkwato sayen gas da sandunan walda, ya tafi shi kaɗai.

Magariba ta same shi a Tungar Maikada. Ya ajiye motar a gindin dogon-yaro jikin masallaci, ya yi alwala ya bi jam'i. A sujadar ƙarshe bai ɗago ba. Dama ya daɗe yana fama da hawan jini.

Motar ba ta da hannu a mutuwarsa. Na faɗi haka ne don tun yanzu na fara ganin wasu suna rubuta wai wutar mota ce ta ja shi. Ku ji tsoron Allah. Mutum ya cika da goshinsa a ƙasa, kai kana kwance a ɗaki kana ƙirƙira masa wata mutuwa.

Mutanen tungar sun yi halin girma. Sun kula da gawarsa, gari na wayewa suka sa shi a mota zuwa gida. Za a yi masa sallah a ƙofar gidansa a Bagudo bayan azahar.

Farar motar kuma tana can inda ya bar ta.

Jaɓɓi ne ya kira ni, wani ɗan kabu-kabu na tungar da muka daɗe da sanin juna. Garinsu layin Najeriya babu sabis sai an hau wani tudu a bayan gari. Bayan ya yi mini gaisuwa sai ya ce:

"Mota kuma kak ka damu, tana hannun mai gari, ya ce amana ce. Ya ga bayanta ya zamna ƙasa, ya san da kaya ciki. Zahin ga ya yi yawa, shina tsoron man ya kama, ko ɓarayi su zo. In anka sallame la'asar za a zuƙe shi cikin jarkoki a aje ma marayu."

Na ce wane mai?

Ya ce, "Sun buɗe murhin tanki sunka iske wani abu kamar soket, tiyo bai shiga. Mai gari ya ce sabuwar dabara ce. Ya duƙa ya leƙa ƙasa, ya ce wagga walda ta Manu ce, ya san ta. Za a huda ta ƙasa da ƙusa yadda anka saba."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce Jaɓɓi, wallahi tallahi ba tanki ba ne, batir ne, in kuka huda shi za ku ƙone ku da masallacin.

Sai ya yi 'yar dariya, irin ta mai lallashi. Ya ce, "Haba Manu, mu hwa na gida ne. Ba a shingen kwastan kake ba. Ba mai tona ma mamaci asiri."

Nan sabis ya ɗauke. Na kira, na kira, har yatsana ya gaji. Ya sauka daga tudun.

Ku da ba 'yan yankinmu ba, bari in fahimtar da ku. A wurinmu in ka ga tsohuwar mota bayanta ya zauna, ma'anarta ɗaya ce, an loda mata mai za a ƙetara da shi iyaka. Tamu kuwa nauyin batir ne ya zaunar da ita. Murfin tankin ma Injiniya ne ba ya yarda a cire, ya ce mota ta fita da fuskar da ta zo da ita, sai ya ɓoye wurin caji a bayansa. Mai gari ba mugu ba ne, ba kuma ɓarawo ba. Dattijo ne mai amana, hakkin marayu yake son karewa. Abin da idonsa ya saba gani ya gani.

Sauran bayanin kuma, yadda aka yi ya san waldata, shi ne abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Surukina yana bin shafin nan. 'Ya'yana ma suna bi. To su ji yau.

Kafin in san Injiniya, shekaru na yi ina ƙera tankunan ɓoye a ƙarƙashin motocin masu fasa-ƙwaurin mai. Ni ne gwanin abin, ba alfahari ba, abin kunya ne. Waldata ba ta yoyo. Ina jera ta kamar ɓawon kifi, in lanƙwasa kusurwa, in sa noti ɗaya a ƙasa. Daga Tuga har Segbana ta Benin duk wanda ya taɓa wannan harka ya san hannuna. Sau da yawa nakan bi motar da kaina. In an tsayar da mu a shinge aka leƙa ƙasa aka tambaya, ni ne mai dafa ƙirji in ce wallahi ba tanki ba ne, ƙarfe ne na kare ƙasan mota daga duwatsu. Mutanen Tungar Maikada sun sha ji ina wannan rantsuwa, daga baya mu zo garinsu a sauke man muna dariya.

Yau na yi rantsuwar nan da gaskiyata, Jaɓɓi ya yi mini dariya. Ban ga laifinsa ba.

Injiniya ne ya fitar da ni daga wannan aiki. Lokacin da ya dawo gida ya buɗe gareji, ya riƙa tambaya a gari wa ke da waldar da ba ta yoyo. Mutane suka yi murmushi suka nuna masa ni. Ya san me murmushin yake nufi. Ya zo ya same ni ina kwance ƙarƙashin wata mota, ya tsuguna ya daɗe yana kallon aikin. Da na fito sai ya ce, "Wanda ya iya hana mai ɗiga zai iya hana ruwa shiga. Taho ka yi aikin da za ka iya gaya ma ɗiyanka."

Bai yi mini wa'azi ba. Kuma daga ranar har jiya bai taɓa ambaton tsohon aikina a gaban mutane ba.

Da baƙin tabarau na kasuwa nake walda a lokacin, idona kullum ja, yana ruwa. Satina biyu da fara aiki ya dawo daga Kwatano ya ajiye mini hular walda ta gaske a kan teburina. Na ce nawa zan biya. Ya ce, "Idon ga ba naka ba ne kai ɗai, matarka Rabi da yara suna da rabo ciki."

Ranar da jikin Innata ya tashi, babu mota a tasha. Ya fito da wata da muka gama, wadda ko mai ita bai hau ba tukuna. Inna ta ga mota ta taho babu ƙara babu hayaƙi, ta dafe ƙofar zaure ta ce ita ba ta shiga abin da aljanu ke turawa. Ni har na fara faɗa. Shi kuwa sai ya kunna rediyo ya ƙure murya, ya ce, "Inna, ga ƙara nan na sa miki, bisimilla." Ta yi dariya tana riƙe da ciki, ta shiga. Ya jira mu a asibiti har aka ba ta gado.

Masu ce masa mahaukaci a farko, da ya jera faifan sola a rufin gareji, daga baya su ne masu kawo wayoyinsu caji in an ɗauke wuta. Bai taɓa korar kowa ba. Ni ne mai mita.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, batir. Zoben azurfata sai na cire na rataye a ƙusa kafin in matsa kusa. Ni kuwa ina ganin tsoronsa ya yi yawa, don mu mun saba da batirin mota na gargajiya, wanda ake haɗa waya a ga tartsatsi a san yana da rai. Da ya lura ban ɗauki abin da gaske ba, wata safiya ya ce in biyo shi. Muka fita bayan gari, fili babu ciyawa. Ya ajiye ƙwayar batir guda ɗaya, ba ta fi sandar sabulu ba. Ya ɗaura ƙusa a bakin dogon gora, ya ce in koma baya, ya caka mata.

Da farko wani farin hayaƙi ya fito yana huci. Kafin in buɗe baki wuta ta yi tsiri ta fi tsawona. Ya ce in watsa ruwa. Na juye bokiti guda, ta lafa, na juyo zan yi magana, ta sake tashi. Warin ya shaƙe ni, na yini ina tari.

Ya ce, "Wagga guda ce, Manu."

Akwatin da ke ƙarƙashin farar motar nan cike yake da irinta, an jera su bakin juna. Ni na yi akwatin, na san kaurin ƙarfen. Ƙusa mai kyau da guduma, bugu uku ya isa. Wanda zai buga kuma a kwance zai kasance a ƙarƙashin motar, fuskarsa daidai wurin. Wani zai tsuguna kusa da shi riƙe da jarka. Na san Tungar Maikada kamar gidanmu. Jikin dogon-yaron nan masallaci ne, bayan masallaci rumbunan mai gari ne masu rufin ciyawa, gaba kaɗan rijiyar da mata suke ɗiban ruwan yamma. Bayan la'asar kuma duk garin yana wurin, don ba kullum suke ganin irin wannan mota ba.

Tun da na shiga motar nan, da na rufe ido abin da nake gani ke nan.

Akwai sauran abu ɗaya, shi ya fi ci mini rai.

Shekaranjiya da hantsi muka yi ganin ƙarshe da shi. Motar tana kan ramin gareji. Ya sauka da ƙyar, don gwiwarsa tana damunsa, ya haska fitila ya duba akwatin. Na ji yana dariya daga ƙasa. Da ya fito ya ce, "Manu, hannunka bai manta ba. Wanga akwati sak tsohon aikinka. Duk wanda ya leƙa nan a hanyar iyaka, mai zai ce."

Gaskiya ya faɗa. Ban yi da gangan ba, hannu ne ya bi inda ya saba. Har notin ƙasan na sa, don iska ta riƙa fita.

Ya ɗauko gwangwanin jan fenti ya miƙo mini. Ya ce in rubuta a jikin akwatin da manyan baƙaƙe, da boko da ajami da Faransanci, cewa wuta ce a ciki, kada a huda. Ya rubuta mini na Faransancin a takarda don in kwafa.

Na ce to.

Kwana uku na yi ina goge akwatin nan, na fesa masa baƙin fenti har yana ƙyalli. Na san Hajiya za ta sa a ɗauki hoton motar ciki da waje har ƙasa. Na tsaya da gwangwani a hannu, na ce a raina jan rubutu zai mai da ita kamar motar kasuwa. Wa zai leƙa ƙasan motar masu kuɗi? Ai Injiniya yana ciki, in an tambaya zai yi bayani. Na tura gwangwanin bayan tayoyi na wanke hannuna.

Da zan tafi tasha ya rako ni bakin gareji. Ya ba ni ƙunshin busasshen kifi ya ce in ci a hanya. Sannan ya ce, "Ka rubuta?"

Na ce, "An gama, Injiniya."

Bai sake sauka ramin ba, saboda gwiwar, kuma saboda bai taɓa zaton zan yi masa ƙarya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Madalla. Allah shi kiyaye hanya. Kak ka tsaya surutu a Sakkwato."

Maganar ƙarshe da na yi wa mutumin da ya rufa mini asiri ƙarya ce. Mai gari ya iya ajami. Da na rubuta, da ya karanta da idonsa lokacin da ya duƙa, da yanzu kuka kawai nake yi kamar kowa.

Na tambayi direba, ya ce in Allah ya yarda za mu shiga Bagudo daidai lokacin da ake haɗa sahu. Na yi lissafin hanya ya fi sau goma. In na sauka na yi sallah na bi shi maƙabarta, la'asar a Bagudo za ta same ni. Daga can zuwa tungar sai an haye gada, a bar kwalta, a shiga hanyar da mota ba ta gudu. Ba zai yiwu in yi duka biyun ba.

Na riga na kira mai babur, zai jira ni a mararraba. Hanyar ta bakin unguwar su Injiniya take wucewa. Zan hango taron mutane, wataƙila in hango makarar. Ba zan sauka ba.

Hajiya uwargidan Injiniya, ki yafe mini. Wanda ya duba sahu bai gan ni ba ya ce Manu butulu ne, ya faɗa, ba zan yi musu da shi ba.

Ga roƙona. Duk mai lambar wani a Tungar Maikada, musamman layin Benin da ya fi kamawa a can, ya yi ta kira kada ya gaji. Duk wanda yake Tsamiya ko kusa yana da babur, don Allah ya bar abin da yake yi ya tafi yanzu, ya riga ni. Babur ɗin da zan hau zai iya yin faci, ni ban yarda da sa'ata ba yau. In kun isa ku ce wa mai gari kada a huda, kada a kwance noti, kada a tura motar, kada a kawo wuta kusa. A kewaye ta da ƙaya a hana kowa matsawa har in zo.

Zai ce muku Manu yana rufa wa maigidansa asiri ne. Ku buɗe wayarku ku karanta masa wannan rubutu tun daga farko, kada ku tsallake inda na faɗi abin da na aikata. Ku ce masa duniya duka ta karanta, surukina ya karanta, 'ya'yana sun karanta, ba ni da sauran abin da zan ɓoye. Ku ce masa Injiniya Hamidu bai taɓa ɗaukar ko kwalbar mai ya ƙetara iyaka ba. In ya ce sai na dafa Alƙur'ani, ya tanada, ina zuwa da alwalata.

Mun wuce Zagga. Cajina ya kusa ƙarewa, ba zan iya amsa saƙonni ba, wanda ya samu wani a tungar ya kira ni kai tsaye.

Ya Allah, ga bawanka Hamidu ya zo maka daga sujada. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya amsa tambaya da sauƙi. Yadda ya rufa mini asiri a duniya, ka rufa masa a lahira. Ka tsaya wa iyalinsa. Ya Allah, kada ka kama mutanen Tungar Maikada da ƙaryar da ni na yi.

Wanda zai samu jana'iza, ya matsa kaɗan ya tsaya a madadina. Sauran ku duk inda kuke ku ɗaga hannu ku yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa in isa kafin a sallame la'asar.